Ranar da Aka Kama Ni Ina Tofa Miyau a Kunu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Maman Ishaya ta kama ni a bayan rumbu ina tofa miyau a ƙoƙon kunu ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen unguwarmu a Zuru ba za su bari ba. Har yau in ka tambayi matan cocinmu, za su rage murya su ce maka asiri nake haɗa wa Ishaya, saurayina a lokacin, don in mallake shi. Ƙarya ne. Ishaya tun kafin ranar a mallake yake, bai buƙaci miyaun kowa ba. Abin da nake yi a bayan rumbun nan kimiyya ce, sai dai kimiyya ce da aka yi ta cikin gaggawa, a ranar da ba ta dace ba, da ƙoƙon da bai kamata ba.

A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba. Shekarun nan ne da wayar salula ta fara shigowa gari, ana hawa tudu neman sabis. Ina zaune a gida ina jiran sakamako, kaina cike da bayoloji, bakina kuma ba birki. (Baba tsohon soja ne, yakan ce da ana harbi da baki, da ni kaɗai na ishi bataliya.) A ganina duk wanda bai san sunayen ƙasusuwan hannunsa ba yana cikin duhu, kuma ba na ɓoye wannan ra'ayi ko a gaban wa.

Yayana Bitrus shi ma soja ne. Bai daɗe da aure ba aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, ya bar mana matarsa Rifkatu, 'yar Sakaba, mace mai shiru-shirun da in ta taka maka ƙafa ita za ta riga ka jin zafi. Komai ta iya. Abu ɗaya ne ya zame mata ƙaya, kunu. Za ta tashi da sassafe ta dama kunun gyaɗa mai kauri, har ludayi ya tsaya a ciki kamar soja a fareti, ta juye a bokitin roba ta rufe. Kafin hantsi ya ɗaga, in an buɗe, ya tsinke ya zama ruwa tsululu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mai yanke hukunci a gidanmu ita ce Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ta karɓi kwamandancin madafa ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ita ta ce hannu ne. Wai akwai hannun da Allah ya yi shi ba ya riƙe abu. "Hannun da ya kasa riƙe kunu," in ji ta, "da mi zai riƙe gida?" Ba a ɗaki ta faɗa ba, a bakin rijiya ta faɗa, kuma maganar da aka yi a bakin rijiya ai ta riga guga isa gida. Nan da nan ta kai zumuntar mata. Duk wani girkin biki a coci, in Rifkatu ta nufi tukunya sai wata ta tare ta da murmushi ta ce, ke dai amarya je ki taya su wanke kwanuka. Wata ma ta hana ta ɗaukar jaririnta.

Ni kuwa me na yi? Ihu. Na tsaya tsakar gida na ce camfi ne, jahilci ne, duniya ta ci gaba ta bar mu muna zargin hannu. Gwaggo ta bari na gama, sannan ta tambaye ni, to in ba hannu ba ne, mene ne? Na ce bakteriya. (A lokacin duk abin da ban sani ba bakteriya ne. Ciwon kai bakteriya, fitila ta mutu ma da ƙyar ban ce bakteriya ba.) Ta ce to wace irin bakteriya ce wannan mai ladabi, da take tsallake kunun da ita ta dama, da dawa ɗaya, da gyaɗa ɗaya, a bokiti ɗaya, sai na Rifkatu kaɗai take faɗa wa? Gaskiyarta. Kunun Gwaggo ba ya tsinkewa, kowa ya sani. Na shige ɗaki ina gunaguni cewa ba a jayayya da wanda bai yi makaranta ba, wanda shi ne abin da mai makaranta ke faɗa in an kayar da shi.

Ana cikin haka na shiga ɗakin Rifkatu aron tsintsiya, na hango jakar bakko a ƙarƙashin gado, cike, an zuge ta. Na tambaye ta. Ta ce ba komai, in an gama aikin gayya za ta je Sakaba ta gaida iyayenta. Na dubi jakar. Har da tukwanen aurenta a gefe an ɗaure da zane. Mai zuwa gaisuwa ba ya tafiya da tukunya. Yaya Bitrus yana can wata ƙasa yana kiyaye zaman lafiyar mutanen da bai sani ba, zai dawo ya tarar da nasa ɗakin wayam, saboda kunu.

Gayyar da take magana kuwa tawa ce. A al'adar mutanenmu saurayi kan yi wa gidan budurwa noma shekara da shekaru, shi ake kira golmo. Zamani ya rage shi sosai, amma Baba ya ce duk wanda ke son ɗiyarsa, ko da takarda ya zo, sai ya nuna ya san ta inda ake kama fartanya. Don haka Ishaya zai kawo abokansa su yi maimai a gonar dawarmu, mu kuma mu kai musu kunu. Kai wa 'yan gayya tsinkakken kunu abin kunya ne da za a yi ta ba jikoki labari.

Da safen ranar Rifkatu ta dama bokitin farko ta rufe, ta koma ta ɗora tukunya ta biyu. Ina zaune ina tsince gyaɗa (ƙarya nake, ci nake yi), sai ga Gwaggo ta fito duba aiki. Ta buɗe bokitin, ta ɗebo da ludayi, ta kurɓa, ta yatsine fuska, ta ce sukari bai ji ba. Ta mayar da ludayin da sauran abin da ke ciki, ta juya. Aka ƙara sukari. Ta sake kurɓa, ta sake mayarwa, ta sake juyawa. Can ta dawo ta ce bari ta ji ko ya huce. Haka take yi kullum, a gaban idona, tun zuwan Rifkatu, ban taɓa gani ba sai ranar.

Gyaɗar da ke bakina ta tsaya. Na tuna wata rana a ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu, da malamin bayoloji ya ce kowace ta tofa miyau a kwalbar gwaji mai ruwan sitaci. 'Yan mata suka yi ta rufe fuska suna dariya, ni kaɗai na tofa ba kunya. Ya nuna mana cewa akwai wani sinadari a miyau da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Na haddace sunansa, na rubuta a jarrabawa, na ci. Amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin cewa sitacin kwalbar malam shi ne dai abin da ke kaurara kunun gidanmu ba. A kaina kimiyya tana zaune a makaranta, sanye da farar riga, ba ta shiga madafa.

Mai hankali zai bari a gama gayya, baƙi su watse, washegari ya gwada abinsa a natse. Ni ban da wannan haƙurin. Na faki ido na ɗebi kunu daga tukunyar da Rifkatu ta sauke yanzu-yanzu, yana tururi, na zuba a ƙoƙo biyu: ɗaya zan tofa masa, ɗaya in bar shi haka, in ga bambanci. Har ina yaba wa kaina wannan dabara. Ƙoƙunan da hannuna ya fara kaiwa gare su na ɗauka, ban duba ba. Na zagaya bayan rumbu na tsuguna.

Wanda bai taɓa gwadawa ba bai san cewa miyau ba ya zuwa in ana nemansa ba. Na tattaro, na motsa harshe, na tuna lemun tsami, na sunkuya a kan ƙoƙon ina wani irin sauti kamar akuya ta shaƙe. Da ƙyar ya taru. Na sake shi a hankali. Ya ƙi yankewa. Yana nan zare guda daga leɓena har cikin kunun, yana sheƙi a rana, sai na ga ƙafafu biyu cikin silifas a gabana.

Akwai wata 'yar hanya da ta bi ta bayan rumbunmu, wadda na manta da ita sarai. Maman Ishaya ce, ta yi ɗaurin zuwa coci, da kaza a hammata ta kawo gudummawa.

"Sannu da aiki, ɗiyata," ta ce.

Na ce yawwa Mama, sannu da zuwa. Zaren ya yanke ya sauka a haɓata.

Ba ni take kallo ba, ƙoƙon take kallo. Sai a lokacin na dube shi. Ƙoƙo ne mai zanen ƙadangare a baki, wanda ita da kanta ta aiko mini da shi, wanda duk unguwa ta san da shi nake ba Ishaya ruwa in ya zo hira.

"Wannan na wa ne?"

Na ce gwaji nake yi, Mama.

"Na gani. Wa ya ba ki maganin?"

Kazar ma kallona take yi. Kafin in haɗa wata magana, Gwaggo ta leƙo, matan da suka zo taya aiki suka biyo ta, bayan rumbu ya cika. Maman Ishaya ba ta ɗaga murya ba, ta dai faɗi abin da idonta ya gani, kuma hakan ya fi ihu muni. Wata ta ce dama ta ga yaron nan ya rame. Wata ta ce a kira matar Fasto.

To ni in na ji kunya ba shiru nake yi ba, ƙara buɗe baki nake. Na miƙe na goge haɓa, na ce kowa ya saurara. Na ce ba hannun Rifkatu ke tsinka kunu ba, bakin Gwaggo ne. (E, haka na faɗa. Bakin Gwaggo. A gaban baƙi.) Na ajiye ƙoƙunan biyu a kan turmi na ce su zuba ido, yanzun nan wanda na tofa wa zai zama ruwa, ɗayan ya tsaya. Na rungume hannu kamar mai jiran a ba ta kyauta.

Muka tsaya. Muka yi ta tsayawa. Kunun nan ya huce, ya yi fata a sama, ya ƙara kauri. Duka biyun. Gwaggo ta sa ludayi a wanda na tofa wa, ludayin ya tsaya ƙyam. Ban taɓa ganin kunu mai taurin kai irin wannan ba, ka ce tuwo ne. Gwaggo ta juya ga Maman Ishaya ta ce ta yi haƙuri, haka karatun zamani yake, ana kai yaro da hankalinsa a dawo da shi ba shi. Maman Ishaya ta gyara riƙon kazarta, ta ce bari ta leƙa gona ta yi magana da ɗanta.

A wannan lokacin da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Na zagi Gwaggo, na rasa Ishaya, na ƙara wa Rifkatu wani sunan a kan wanda take da shi, kuma kimiyyar da na yi duk wannan dominta ta juya mini baya a bainar jama'a. Har na fara tunanin ko Rifkatu za ta rage mini wuri a motar Sakaba.

Sai Rifkatu ta yi magana. Ina jin ranar ce wasu suka fara jin muryarta. Kanta a ƙasa ta ce, ita dai abin da ta lura, Gwaggo in ita ke damu, a kan wuta take ɗanɗanawa, yana tafasa. Nata kuma sai ya huce a bokiti Gwaggo ke zuwa.

Leɓena da tururi ya gasa ɗazu ya yi mini zugi. Kwalabe uku malam ya jera mana a ranar nan, ba biyu ba. Ta ukun sai da ya tafasa miyaun kafin ya zuba, kuma ba abin da ya faru da sitacinta. Na rubuta a jarrabawa cewa zafi na kashe sinadarin. Na ci wannan ma. Sannan na zo na tofa miyauna a kunun da aka sauke daga wuta yanzu, na dafa shi da hannuna, na tara jama'a su zo kallo.

Na sha gaban Maman Ishaya na durƙusa. Na ce Mama, na yi kuskure, kuma na san inda kuskuren yake. Ki ba ni dama ɗaya. In wannan ma ya ƙi, ni da kaina zan kai ƙoƙon nan gidanku in ba da haƙuri. Daidai nan Baba ya shigo daga gona jin abin da ya hana kunu zuwa. Aka yi masa bayani baki uku a lokaci guda. Ya dube ni, ya dubi turmi, ya ce 'yan gayya ba za su mutu ba, a bar ta ta sake harbawa.

Wannan karon na bi a hankali, abin da ban saba ba. Tukunya ta biyu ta huce har ana iya tsoma yatsa. Na roƙi Gwaggo ta zuba da hannunta a ƙoƙo uku, don kada a ce na yi wani abu. Na farko kada kowa ya taɓa. Na biyu Rifkatu ta riƙe a cinyarta, ta juya da wankakken ludayi iya son ranta, in hannu ne mu gani. Na uku kuma kada Rifkatu ta ko matso kusa da shi, wani ya kurɓa ya mayar da ludayin, kamar yadda aka saba. Gwaggo ta ce ba dai ni ba, don ba a san abin da ke cikin miyauna ba. Na ce to ita. Ta ce Allah ya kiyaye ta shiga wasan yara.

"Ba ni ludayin," in ji Maman Ishaya. Ta miƙa wa Baba kazar. Ta ce ita ma kununta kan tsinke wani lokaci, kuma shekara da shekaru mai sayar mata da dawa take zagi. Ta kurɓa ta mayar, ta juya, ta sake kurɓa ta mayar, ta yatsine fuska sak irin ta Gwaggo, har wata ta tuntsire da dariya.

Muka sake tsayawa. Ban rungume hannu ba. Addu'a nake yi, in faɗi gaskiya, ko da yake ban tabbata ya halatta a yi wa miyau addu'a ba. Bayan kamar lokacin da za a fige kaza, Maman Ishaya ta karkata ƙoƙonta. Kunun ya gangaro ta baki shar, kamar ruwan wanke shinkafa. Ta karkata na farko, ko motsi. Ta je gaban Rifkatu ta karɓi nata, wanda ya sha juyi da mugun hannun nan da ake faɗa, ta kusa kifar da shi kafin ya yarda ya motsa.

Ba wanda ya yi guɗa. Kowace mace ta koma tuna ludayinta. Baba ya ce, to, ga shi nan dai. Na buɗe baki zan yi jawabi a kan camfi da ci gaban duniya, Rifkatu ta taka mini ƙafa, kuma a karon farko ba ta ba da haƙuri ba.

Gwaggo ba ta ce ta yi kuskure ba, kuma ba ta taɓa cewa ba. Ta ce dama tun zamanin kakanni an hana mayar da ludayi, yaran yanzu ne ba sa jin magana. Sannan ta ce wa Rifkatu ta tsaya kallon me, 'yan gayya na jira, ta ɗora sabo. Ita ta miƙa mata muciya da hannunta. Kunun ya isa gona a makare, amma sai da samarin nan suka yi ta kankare shi daga ƙoƙo da yatsa.

Washegari da hantsi na zagaya bayan rumbu shanya, na tarar da Gwaggo a tsugune da ƙoƙo biyu a gabanta da ludayi a baki. Ba ta yarda da ni ba, ba ta yarda da Maman Ishaya ba, sai ta gani da kanta. Muka haɗa ido. Na ce sannu da aiki, Gwaggo. Ta ce in ɓace mata da gani. Ina tafiya ina tunanin cewa tsohuwar nan da ba ta san sunan ƙashi ko ɗaya ba ta yi abin da ni na yi watanni ban yi ba, ina ta ihun bakteriya.

Jakar bakko ta koma fanko, tukwane suka koma kan kantar ɗakinta. Da Yaya Bitrus ya dawo ya tarar da matarsa ita ce mai damun kunun zumuntar mata, da wani ƙaramin cokali rataye a wuyan bokiti wanda ba ya komawa ciki. Ishaya kuwa har yau in na miƙa masa kunu sai ya leƙa ciki ya tambaya, na sha ne ko na gwaji? Mutanen unguwa kuma da suka ga an ɗaura aure suka ce ai ga shi nan, asirin ya ci. Na daina musu. Ba ni da Ishaya na biyu da zan ajiye a gefe ban tofa masa ba, balle in nuna musu bambanci.

Abin da na koya? Haddace sunan abu ba sanin sa ba ne, kuma cewa camfi ne da ƙarfi ba ya kaurara kunun kowa. In kana da zato, ka gwada. In ya ƙi, ka nemi inda ka ɓata ka sake. Amma kafin komai, ka duba ƙoƙon wa ka ɗauka, ka kuma waiwaya bayanka.

A makon ne Gwaggo ta ce in an jefa gawayi a miya ba ta lalacewa ko ta kwana. Har kalmar camfi ta iso kan harshena, na haɗiye ta. Na ce Gwaggo, gobe za mu raba miya tukunya biyu, ke ki riƙe mai gawayin, ni in riƙe ɗayar. Ta ce ita ba ta da lokacin shirme. Da yamma na ga ta ware gawayi mai kyau guda ɗaya ta ajiye a kan taga.